Babi na Bakwai: Ayarin Kekuna a Gaɓar Danub

Duk ƙasar da na je na dawo, idan na durƙusa na gaishe da mahaifina, tambayarsa ba ta canzawa. Zai bar ni in gama zuba labarin dogayen benaye da jiragen ƙasa masu bi ta ƙarƙashin gari, yana jan carbinsa, sannan ya ce, "To, su can me suke nomawa?" Nan nake fara kame-kame. In ce alkama, in ce dankalin Turawa, abin da kowane ɗan firamare zai faɗa ba tare da ya fita ƙofar gari ba. Mutumin da ya sauka a filin jirgi, ya faɗa jirgin ƙasa, ya kwana a otal, ta taga yake hango gonakin mutane suna gudu da baya. Wannan tambaya ta Baba ce ta sa, a wani ƙarshen watan Satumba, na biya kuɗina na shiga ayarin masu kekuna da za su bi gaɓar kogin Danub daga garin Passau na Jamus zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya.

Tafiyar kilomita 320 ce da 'yan kai, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Katsina ya dawo, aka raba mana ita kwana bakwai. Wannan ɗan yanki ne kawai na kogin, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,850, yana taɓa ƙasashe 10 kafin ya zuba a Bahar Aswad. A Passau, inda kogunan Inn da Ilz suke haɗuwa da shi, an zana layuka a jikin bangon majalisar gari, kowane layi da shekarar da ruwa ya kai nan. Na 1501 ne a can sama, na 2013 yana biye da shi, dukansu sun wuce kan mutum nesa ba kusa ba.

Jagaba da madugu

Mu 14 ne, daga ƙasashe shida. Akwai likitan haƙori da matarsa, akwai wasu 'yan'uwa biyu manoma daga Kanada, akwai injiniya mai ritaya. Babbarmu wata tsohuwar ungozoma ce daga Holan mai shekara 74. Tun daren farko na laƙaba mata Iya, na gaya mata ma'anarsa, kafin kwana biyu duk ayarin sun ɗauka.

Abin ya ba ni dariya da na tuna gida. Ina yaro, keken Raleigh abin alfahari ne. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e yakan naɗe nasa da leda mai launi, ya goge shi da safe kamar doki. Yau babur ya ture shi, kuma idan aka ga mai albashi a kan keke sai a fara raɗe-raɗin ko karayar arziki ce ta same shi. Ga ni nan cikin masu hali, kowa ya ajiye motarsa a gida ya biya kuɗi don ya yi mako guda yana taka feda.

Tsarin tafiyar kuwa, da wani tsohon bafataken Gwanja zai tashi ya gani, ba zai ga baƙon abu ba. Akwai jagaba, wata matashiya 'yar birnin Linz da ta san kowace kwana ta hanyar. Akwai madugu, wanda yake zuwa a ƙarshe ɗauke da famfo da kayan faci, idonsa a kan kowa. Wata mota ce take aikin jakuna: da safe mu ajiye jakunkunanmu a ƙofar masauki, da yamma mu tarar da su a zango na gaba. Doka biyu aka kafa mana. Ba mai wuce jagaba, ba mai zama bayan madugu. Idan kuma aka zo mararraba, wanda ke bin jagaba shi zai tsaya yana nuna hanya har sai na ƙarshe ya wuce. Ta haka mai ƙarfin ƙafa yakan tsinci kansa a baya sau da yawa a yini, gudun ayari ya koma daidai da gudun Iya, kilomita 15 a awa ko ƙasa da haka. Ranar farko na ƙosa. Daga baya na gane da wannan gudun ne ake iya bambanta gonar da aka yi wa taki da wadda ba a yi wa ba.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ga iska yawanci daga yamma tana tura mu ta baya, ga kogin yana gangarawa a hankali. Na tambayi jagaba wa ya yi tunanin yi wa masu keke titi a bakin ruwa haka. Ta ce ai dawakai ne suka fara taka shi. Kafin zuwan jirgin ruwa mai tururi, saukowa da kaya abu ne mai sauƙi, ruwa ne ke ɗauka. Komawa sama ne aiki. Sai a ɗaura wa jiragen igiyoyi, a jera dawakai masu yawa a gaɓa suna ja, mutane suna kora su cikin taɓo da duwatsu, mako da makonni. Gishiri yana sauka, hatsi da giyar inabi suna hawa. Da aka kafa kamfanin jiragen tururi na Danub a 1829 wannan sana'a ta fara mutuwa, ta bar turbarta, wadda aka zuba wa kwalta a zamaninmu.

Kabeji, masara da dutse

Mun kwana a Schlögen, inda kogin ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsa, ya juya baya kamar zai koma inda ya fito, sannan ya sake lanƙwasawa ya kama hanyarsa. A rana ta biyu mazaunai suka fara kai ƙarar sirdi, amma ido ya samu abin kallo. Da muka fito daga tsakanin duwatsu sai ƙasa ta buɗe a kwarin Eferding, fadamar da kogin ya daɗe yana zuba wa laka. Kabeji, latas, karas, kokwamba, dankali, layi-layi har iyakar gani. A bakin hanya manoma sukan ajiye rumfa da kayan lambu da ɗan akwatin kuɗi, ba mai tsaro; ka ɗauka, ka duba farashi, ka jefa kuɗin. Manoman nan biyu na Kanada suka sauka suka damƙi ƙasar suna murzawa suna sunsunawa, yadda Baba yake yi idan ya je ganin gonar da za a saya.

Rana ta uku ce mai nauyi. Bayan Linz akwai wani gari mai kyau a bakin ruwa, Mauthausen. Daga nan muka bar gaɓa muka kama wani hawa mai tsauri, yawancinmu muna tura kekunan. A saman tudun ne gwamnatin Hitila ta buɗe sansanin gwale-gwale a 1938, 'yan watanni bayan ta haɗiye Ostiriya, kuma mahaƙar dutsen da ke wurin ce ta sa aka zaɓe shi. Fursunoni suna ɗauko manyan duwatsu a baya daga ramin, su hau matakala 186, masu gadi suna dukansu. Kimanin mutum 190,000 aka tsare a wannan sansani da rassansa, aƙalla 90,000 ba su fita da rai ba, kafin sojojin Amurka su iso ranar 5 ga Mayu, 1945. Daga bakin katangar ana hango gonakin masara da gidajen manoma, kusa ƙwarai. Mun sauko ba mai magana. Iya ce kaɗai ta ce, a hankali, mahaifinta ya yi aikin tilas a Jamus lokacin yaƙin, kuma har ya mutu bai taɓa ba su labarin ba.

Da yamma muka ratsa filin Machland, masara a dama, masara a hagu, muna bin gindin wata doguwar ganuwar ƙasa. An gina ta ne bayan ambaliyar 2002, wadda ta shanye ƙauyukan yankin. Wasu gidajen ma sayensu aka yi aka rushe, mutanen suka koma kan tudu, aka bar wa ruwa filinsa.

Giya iri biyu

Bahaushe kalma ɗaya yake da ita ga abin da direba yake canzawa a mota da abin da mashayi yake ɗurawa a ciki. Da na gaya wa abokan tafiyata haka a wurin cin abincin dare, na ce ni ma ina da giya 21 amma duk a jikin keke suke, sai da likitan haƙori ya ƙware don dariya. Daga ranar kowa ya san matsayina, kuma su da kansu suke tare ni idan an miƙo abin da bai dace ba.

Tarewar tana da amfani, don harshen wurin ma yana da nasa tarkon. A rana ta huɗu, tsakanin Grein da Melk, muka bi gefen yankin da ake kira Mostviertel. Gidajen manomansa manya ne, gini huɗu a haɗe sun kewaye tsakar gida ɗaya, mutane a ɓangare guda, shanu da rumbu da kayan aiki a sauran. A bakin gonaki akwai dogayen tsofaffin itatuwa masu 'ya'ya dangin tuffa, suna zubowa a kan hanya har taya tana santsi. Ana matse su a bar ruwan ya yi tsami, a kira shi *Most*, kuma yana bugarwa. Amma da ka shiga ƙasar inabi, wannan kalmar dai tana nufin ruwan inabi sabon matsa wanda bai fara tsami ba. Akwai kuma *Sturm* na lokacin kaka, mai gurɓi-gurɓi da zaƙi kamar kunun zaƙi, wanda ya riga ya fara juyewa. Jagaba ta rubuta mini kalma ɗaya a takarda, *Traubensaft*, ta ce ita zan riƙa nema: ruwan inabi zalla da aka dafa aka rufe a kwalba. Salla kuwa ba ta taɓa zama matsala ba. Ina kasaru, ina haɗa azahar da la'asar a hutun rana, in fuskanci kudu maso gabas a gindin wata bishiya, madugu yana riƙe da kekena.

Wachau

Melk gari ne da wani katafaren gidan ibada na Kirista mai launin ɗorawa ya yi wa rumfa daga kan dutse. Tun 1089 masu ibada suke zaune a wurin, ginin da ake gani yanzu kuma an yi shi ne tsakanin 1702 da 1736. Daga nan zuwa Krems, kimanin kilomita 36, shi ne kwarin Wachau, wanda don shi yawancin ayarin suka zo.

Da farko gonakin wani ɗan itace ne da suke kira *Marille*, wanda Larabawa ke ce wa mishmish, mai launin ruwan ɗorawa da ƙwallo ɗaya a ciki. A watan Yuli yake nuna, don haka mu a kwalba muka same shi. Kusa da Spitz sai kwarin ya matse, tsaunukan suka miƙe, na ɗaga kai na ga abin da ya sa na taka birki ba shiri. Tun daga gindin tsauni har kusa da ƙololuwa an yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, a kansa layi biyu ko uku na inabi. A tsakiyar garin akwai wani tudu da suke kira Tudun Bokiti Dubu, wai a shekara mai albarka abin da yake bayarwa ke nan, bokitinsu na da kuwa yana cin kimanin lita 56.

A wani lungu muka tarar da wani dattijo a durƙushe gaban katangar da ta zube, duwatsu a baje kewaye da shi. Na ce, "Sannu da aiki, Baba," da Hausa, jagaba ta fassara. Ya ɗago ya amsa, ya ci gaba da jujjuya wani dutse a hannu yana neman fuskar da za ta zauna. Na tambaya me ya hana shi sa siminti ya huta. Ya ce katangar siminti tana riƙe ruwa a bayanta, ranar da ruwan ya yi nauyi sai ta kife gaba ɗaya. Wadda aka jera ba laka kuwa ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun, in ta zube ma ɗan wuri ne. Ya ɗora tafina a kan dutsen, na ji ɗumi. Da rana yana shan zafi, da dare yana mayar wa inabin, daidai lokacin da iska mai sanyi take gangarowa daga dazukan arewa. A ramukan katangar ne wani koren ƙadangare yake zama, wanda suka ara sunansa, *Smaragd*, suka ba giyarsu mafi daraja. Da na tambayi shekarun katangar sai ya ɗaga kafaɗa. Kakansa ya gyara wannan wurin, shi ma gyara ya tarar ana yi.

Ni na taɓa ganin irin wannan aiki, a duwatsun Gwoza, inda ake tare ƙasa da jerin dutse a shuka dawa a kan gangaren da akuya ma sai ta yi hankali. Hukumar UNESCO ta sa Wachau cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Sukur ta jihar Adamawa, da nata gonakin masu hawa-hawa, ta riga ta shiga da shekara ɗaya, a 1999. Na gaya wa dattijon haka. Bai yi mamaki ba. Tambayarsa ita ce ko matasan can suna tsayawa su koyi jera dutsen.

Tarakta ba ta hawa waɗannan matakalai. Yankan reshe, ɗauri, cire ganye, tsinka, duk da hannu ne, a kuma sauko da 'ya'yan a goye. Mun iske an fara girbi, kuma da yawa daga masu tsinkar 'yan ci-rani ne daga Romaniya da Sulobakiya, suna zuwa da kaka su koma. A ƙasa-ƙasa, inda turɓaya take da kauri da laushi, suna dasa irin da ake kira Grüner Veltliner. Can sama, inda ƙasa ta yi ƙaranci sai tsakuwa, Riesling ne yake jurewa. Kusan kowace kurangar da muka gani aurarriya ce, kamar mangwaronmu ɗan aure. Dalili shi ne wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka, aka fara ganinsa a Ostiriya a 1872 a Klosterneuburg, ya bi gonakin inabi yana kashewa. Maganin da aka samu shi ne a dasa saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron, a aura mata reshen na Turai. A lokacin waccan asarar ne manoman kwarin suka ƙara rungumar *Marille*, don kada su sake dogara da abu ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, kusan duk wannan gumi a tulun giya yake ƙarewa, kuma da ayari suka shiga ɗakin ɗanɗano a ƙarƙashin ƙasa ni a waje na zauna da kwalbata, ina kallon wani kwale-kwalen fito da ba shi da inji. An ɗaure shi da wata waya da ta tsallaka kogin, matuƙin yana karkata shi kawai, ƙarfin ruwa yana tura shi zuwa ɗaya gaɓar. Wannan yana yiwuwa ne don a nan kogin yana gudu da ƙarfinsa. A shekarun 1970 an so a datse shi a gina tashar lantarki a tsakiyar kwarin, manoma da mutanen garuruwan suka ƙi, har aka janye.

A Dürnstein muka kwana, ƙarƙashin kangon wata fada. A cikinta aka tsare Sarkin Ingila Richard a ƙarshen 1192, yana dawowa daga yaƙinsa da Salahuddin al-Ayyubi. Wanda ya kama shi, Leopold na Biyar mai mulkin Ostiriya, abokin yaƙinsa ne da suka ɓata a Akka, kuma sai da Ingila ta tara azurfa mai ɗimbin yawa aka sake shi.

Saukar ayari

Bayan Krems ƙasa ta sake shimfiɗewa. Muka wuce Zwentendorf, tashar lantarki ta nukiliya da aka gama ginawa amma ba ta taɓa aiki ba, don a ƙuri'ar raba-gardama ta Nuwamba 1978 masu cewa a'a sun yi rinjaye da ɗan kaɗan. Kewayen Tulln kuwa gonakin wani tushe ne fari mai kama da ƙaton karas, wanda daga shi suke samun sukari, tunda rake ba ya yi a sanyinsu. A rana ta bakwai muka shiga Biyana ta kan wani dogon tsibiri mai kilomita 21, wanda shi ma mutane ne suka gina shi tsakanin 1972 da 1988 don kare birnin daga ambaliya. Daga kansa na hango hasumiyar babban masallacin da aka buɗe a 1979. Iya ce ta shiga gaba a kilomitan ƙarshe, jagaba ta ba ta wuri, mu duka muna biye muna kaɗa ƙararrawa.

Da na koma gida na kai wa Baba kwalbar *Marille* guda. Bai ma kai ga tambaya ba na fara: kabeji da karas a fadama, masara a fili, sukari daga saiwa, inabi a kan dutse. Na ba shi labarin katangar da ba a sa mata laka da dattijon da ke gyaran abin da kakansa ya gyara. Ya ajiye carbin, abin da bai saba yi ba, ya lakaci ɗan abin kwalbar ya ɗanɗana.

"Shi wannan tsohon," ya ce, "yana da ɗa a gonar?"

Na ce, "Wallahi Baba, ban tambaya ba."

Ya girgiza kai. "Kullum sai ka baro muhimmiyar."